Takabar da Na Yi a Wangsa Maju

Hafsa, ke kika kawo min maganar, don haka da ke zan fara. Kin ce a wajen bikin 'yar baffanku a Kano wata mata ta nuna ku da baki ta ce, "Ai 'ya'yan waccan ne da ta ƙi yi wa mijinta takaba, ta ba da 'yarta kyauta ta rungumi inji." Wannan bai dame ni ba, shekara da shekaru ina jin irinsa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da na tambaye ki me yayarki ta ce, kika ce ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da cin shinkafarta. To tunda ita ma haka ta ɗauka, bari in zauna in rubuta yadda abin ya kasance tun idona yana gani. Ba afuwa nake nema ba, gyara nake yi.

Na haura arba'in lokacin da muka sauka Kuala Lumpur. Kafin nan na daɗe ina koyar da fiziks a jami'a, ina zana wa ɗalibai a allo abubuwan da ni kaina ban taɓa gani da idona ba, kuma abin yana cin raina. Da aka ba ni hutun ƙaro karatu aka faɗa min a fili cewa shi ne na ƙarshe, babu ƙari. Abbanku ya bar wa ƙanensa shagon yadinsa ya biyo ni da ku biyu, kina 'yar shekara shida, yayarki ta fara zama budurwa. Babu sunan da danginsa ba su kira shi ba, mafi sauƙi a ciki shi ne mijin-ta-ce. Shi kuwa ko a jikinsa. Muka kama gida a hawa na tara a unguwar Wangsa Maju, shi yake kai ku makaranta, ya dawo ya zauna a shagon mamak, wato gidan shayi da abinci, na ƙasan bene yana shan shayi da tsofaffin Malayu, suna hira da hannu da ka, don Turancinsa da nasu duk kanwar ja ce. Da yamma ya yo mana tapau, wato abincin da ake ƙunsowa a taho da shi gida, ya shigo yana cewa yau ma uwargida ba ta ɗora tukunya ba, amma Allah ya sa maigida gwani ne.

Aikina a wani ɗakin gwaji yake, a ƙasan wani gini na jami'a a titin Jalan Semarak. Kun sha jin ana cewa inji, bari in faɗa muku ko mene ne. Akwai wasu sinadarai masu ban mamaki: idan suka yi sanyi sosai wutar lantarki takan bi ta cikinsu ba tare da ko ɗigo ya salwanta ba, wasu kuma ka ɗan taɓa su kaɗan sai su toshe wa wutar hanya gaba ɗaya. Ƙwayoyin lantarkin da ke wannan aiki sun yi ƙanƙanta da sauri da yawa, ba a iya leƙa su, kwamfuta kuma takan gaza lissafinsu. Sai masana suka ce a samo wasu da za su kwaikwaye su a inda ido zai kai. Mu namu ƙwayoyin zarra ne na wani ƙarfe mai laushi, rubidiyam. Mukan sake su cikin tulun ƙarfe da aka zuƙe iskarsa tas, mu tare su da hasken lesa ta kowace kusurwa har su daina guje-guje, domin zafi ba komai ba ne illa motsi. Sannan mu bar mafiya zafin su tsere, kamar yadda ake fifita koko, har waɗanda suka rage su fi duk wani abu da ke cikin garin nan sanyi, nesa ba kusa ba. Daga nan sai mu gitta haske da haske ya zama ramuka jere, mu zuba su ciki mu ga yadda za su yi zama da juna. Ranar da na fara yi wa Abbanku wannan bayani, sai da ya bari na gama sannan ya kwashe da dariya.

"Ashe dara kike yi! Kin ɗauko mu tun daga Kano ki zo ki haƙa gidan dara da fitila."

Tun daga ranar bai ƙara kiran aikin da wani suna ba. In na dawo sai ya ce, "Yau an ci ko an cinye ki?" Kusan kullum an cinye ni. Teburin cike yake da ƙananan madubai, kowanne da 'yan kusoshinsa, kuma kullum sai sun goce saboda zafin garin da girgizar motoci. Wanda ya jera su da hannunsa ne kaɗai ya san halin kowanne. Shekara uku na yi a kansu. A shekara ta huɗu ƙwayoyin suka fara sanyi yadda ake so, saura a zuba su cikin ramukan. Babbar lesar da ke yin ramukan kuwa aro ce daga wani ɗakin gwaji na wata ƙasa, kuma ƙarshen shekara za a mayar, daidai lokacin da hutuna zai ƙare.

A cikin wannan shekarar ne, wata Talata, Abbanku ya sauka sallar la'asar a ƙaramin masallacin benenmu, ya yi sujada bai ɗago ba. Zuciya ce. Tsofaffin nan abokan shayinsa su suka yi masa wanka, su suka sallace shi tare da 'yan uwanmu ɗalibai, aka kai shi makwancinsa washegari da safe a ƙasar da ko gaisuwarta bai gama iyawa ba. Ba zan tsaya kan wannan ba, don har yau ban iya ba. Abin da zan ce shi ne ban taɓa son wani mahaluki kamar mutumin nan ba, kuma ban taɓa faɗa masa ba.

Bayan sadakar bakwai Gwaggo Gambo ta iso, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya shi. Kada wata cikinku ta karanta wannan ta ƙullace ta. Mace ce mai zuciya, ba ta taɓa hawa jirgi ba sai a kan ƙanenta, ta zo ita kaɗai da buhun kuka da daddawa kamar za ta ƙasar yunwa. Ta rungume ni muka yi kuka mai isarmu. Da ta share hawaye sai ta dubi ɗakin ta ce:

"To Rabi, sai a fara haɗa kaya. An share miki ɗakin Innarmu, can za ki yi takabarki cikin mutane."

Na ce, "Yaya, a nan ya bar ni. A nan zan yi."

"A nan? A saman bene kamar tantabara? Wa zai shigo miki gaisuwa?"

Ban ja da ita ba a ranar. Amma na riga na tambayi limamin masallacinmu, ya faɗa min abin da na taso ina ji a zauren mahaifina: mace tana takaba ne a gidan da rasuwa ta same ta, kuma tana iya fita da rana in da lalura, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Na kuma je wurin shugabar ɗakin gwajinmu, Farfesa Azlina, 'yar ƙaramar mace mai magana a hankali. Ita ma Musulma ce, ta san wata huɗu da kwana goma ba sai an faɗa mata ba. Ta riƙe hannuna ta ce:

"Rabi, in za ki tafi, boleh, kina iya tafiya, babu mai ganin laifinki. Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Lesar za ta koma, kuma babu wanda zai iya riƙe miki maduban nan. In kin dawo, tebur za ki tarar."

Na fito na zauna a bakin titi ina kallon motocin bas. Na tuna mutumin da ya bar shagonsa da mutuncinsa a idon danginsa, ya zo ya mutu a nan saboda wannan dara. In koma hannu rabbana, in ce masa me? A wurin na yanke shawara, kuma ko sau ɗaya ban yi da-na-sani ba. Na cire 'yan kunne da zobe, na ajiye kwalli da turare, na ware hijabi biyu marasa ado. Kullum in na sallame ku makaranta sai in hau jirgin ƙasa na LRT, in sauka in shiga bas, kafin magariba ina gida. Masu irin aikinmu sun fi son dare, lokacin da gari ya yi tsit tebur ya daina rawa. Ni dare ya haramta gare ni, don haka da rana tsaka na riƙa yi, ina jiran babbar mota ta wuce in ɗauki hoto kafin wata ta taho. Wannan ita ce takabar da aka ce ban yi ba. Ban kwana ko'ina ba sai a kan katifar da ya bari.

Gwaggo ta zuba min ido na kwanaki. Ita a saninta mai takaba ko tsakar gida ba ta cika fitowa ba, ga matar ƙanenta tana rataya jaka tana bin jirgi da maza. In na dawo sai in tarar ta yi kicin-kicin, ta yi muku tuwo, ta ajiye nawa a rufe. Wata safiya ina ɗaura takalmi ta ce:

"Wai shi injin nan, shi ma mijinki ne?"

Na ce, "A'a Yaya, amanar mijina ce."

Ta ce, "Allah ya kyauta," ta juya min baya.

Yanzu na zo inda nake son ki karanta a hankali, Hafsa, don ke a can kika girma, abubuwan nan a littafi kika san su. Yayarki 'yar fari ce. A gidan da na tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna nata ne. In yana kuka a gaban surukai sai ta kau da kai, wata ta ɗauka. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Ga shi kuma sunan Inna aka sa mata, mahaifiyar Abbanku, sunan da bakina bai isa ya furta ba. Shi ya sa kowa yake ce mata Ummi. Ni ko Ummin ban iya ba. "Ke" nake cewa, ko in ce miki, "Kira min yayarki." Ke nakan ɗora ki a cinya in yi miki kitso ina miki waƙa, ita kuwa sai dai in bi ta da ido in ta juya baya. Abbanku ne yake cike wannan gurbi, shi yake kiranta Uwata, shi yake jin labarin makarantarta. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa yarinyar da ta buɗe ido a Wangsa Maju, tana ganin iyayen ƙawayenta suna sumbatar su a ƙofar makaranta, babu wanda ya taɓa fassara mata shiruna.

Ana saura kwana kaɗan Gwaggo ta koma, bayan sallar la'asar, ta tara mu a falo. Ta ce ta ga dai ba zan bi ta ba, ta haƙura. Amma ba za ta koma ta ce wa dangi ta baro jinin ƙanenta Sabi'u gaba ɗaya a bayan duniya ba.

"Zan tafi da mai sunan Inna. Ni zan riƙe ta, kamar yadda na riƙe ubanta."

A cikina ihu nake, ina cewa a'a, ba wannan ba, ku ɗauki komai ku bar min wannan. Amma yayar miji ta nemi riƙon 'yar fari, mai sunan uwarsu, ubanta ko arba'in bai yi ba, sannan ni uwa in buɗe baki in ce 'yata ce? A duk zuriyarmu ba a taɓa yi ba. Da ke Hafsa ta nema, da na iya cewa kin yi ƙanƙanta. A kan wannan kuwa harshena ya ƙi motsi. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Yayarki tana tsaye a bakin ƙofar ɗakinku da rigar makaranta, ta dube ni ta ce:

"Mama, say something lah."

So take in ce wani abu, ko mene ne. Abin da ya fito daga bakina shi ne abin da uwata za ta ce, da abin da kakata za ta ce:

"Gwaggonki ce. Ita ma uwarki ce."

Gwaggo ta gyaɗa kai, a karo na farko tun zuwanta ta ga na yi abin 'yar mutunci. Yarinyar kuwa ta daɗe tana kallona, sannan ta shiga ɗaki ta jawo akwati da kanta. Ga abin da nake so ku gane. Zaman da na yi a Kuala Lumpur zaɓina ne, da idona biyu na zaɓa, in za a sake zan sake. Amma ba a taɓa ɗora min inji a hannun dama da 'ya a hannun hagu na zaɓi inji ba. Ko a ɗakin Inna nake takaba Gwaggo ta nemi riƙonta, amsar da za ta fito daga bakina ke nan. Bambancin kawai, da katanga ce za ta raba mu, ba teku ba. Wannan tekun kuwa ni na jawo shi, na sani, kuma na biya.

Ban raka su filin jirgi ba, don rakiya ba lalura ba ce ga mai takaba. Daga tagar hawa na tara na ga tasi ta ɗauke su. Ba ta ɗago kai ba. Na shiga ɗakinku na tarar ta bar rigar barcinta a kan gado, na ɗauka na sa a ƙarƙashin matashina, a nan ta zauna har muka bar ƙasar. Washegari na ɗaura takalmi na tafi aiki. Na ce wa kaina tunda abin nan ya ci min miji ya ci min 'ya, wallahi sai ya ba ni abin da na zo nema.

Wata uku na yi ina fama. Wani abu game da aikin nan shi ne duk hoton da ka ɗauka, hasken hoton yana tarwatsa ƙwayoyin, sai ka sake tara wasu ka sanyaya daga farko. Haka nake yi tun safe har la'asar, in tara, in ɗauka, su watse, in sake. Ana saura 'yan kwanaki in fita takaba, wata ranar Alhamis da hantsi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, titi ya yi shiru. Na sa ramukan ba zurfi na ɗauki hoto, sai ga ɗigo-ɗigon haske sun fito a jere, tsaf, alamar ƙwayoyin suna yawo daga rami zuwa rami kamar wuta a cikin waya. Na ƙara wa ramukan zurfi na sake ɗauka, ɗigon suka ɓace, sai dusu-dusu: kowace ƙwaya ta maƙale a raminta, hanya ta toshe. Na rage zurfin, suka dawo. Abin da na shekara fiye da goma ina zana wa ɗalibai da alli, ga shi a gabana, ni nake juya shi da yatsa biyu. Ba mu muka fara ganinsa a duniya ba, amma a ɗakin nan ba a taɓa gani ba, kuma daga kansa ne duk sauran aikina ya tashi. Farfesa Azlina ta shigo da gudu ba takalmi, ta rungume ni tana ta hamdala. Ni kuwa abin da ya zo min shi ne yau in an tambaye ni an ci ko an cinye ni, ina da amsa, kuma babu mai tambayar.

Da na koma gida na kira Kano. Gwaggo ta yi min barka da zuciya ɗaya, ko da yake ba ta san barkar me take yi ba, sannan ta miƙa wayar. Yarinyar da ta bar ni tana amsa min da Turanci da Malayanci, sai na ji murya a nutse, da Hausar cikin birni:

"Ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?"

Na ce lafiya lau, ya karatu. Ta ce alhamdu lillahi. Sai na ji ta juya tana cewa, "Umma, ga shi, ta gama." Gwaggo take kira Umma. Har yau haka take kiranta, ni kuma Hajiya, da ladabi da komai, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Na dawo gida da digirina, na kafa ɗan ƙaramin ɗakin gwajin da kuka sani, ɗalibaina sun ga ƙwayar zarra ta yi sanyi da idonsu a ƙasarsu. Ita kuwa a gidan Gwaggo aka yi mata aure, na zauna a cikin 'yan biki.

Hafsa, na gode, karatunki ya ƙare a nan. Miƙa wa yayarki takardar.

Ke nake wa magana yanzu. Kin ce in ce wani abu, ban ce ba, kika ɗauka babu abin cewa ne. Akwai. Na yi wa ubanki takaba cikakkiya, ban ba da ke don inji ba, kuma tun ranar da ungozoma ta miƙo min ke na kau da kai saboda surukai suna tsaye, ban taɓa daina kallonki ba. Inna ta daɗe da rasuwa, Gwaggo ma ta bi ta, Allah ya jiƙansu, babu sauran wanda zan ji wa kunya sai ke. Na gwada faɗa da baki a ɗaki ni kaɗai, harshen ya ƙi, shi ya sa na ɗauko alƙalami, don hannuna ya fi bakina taurin kai.

Safiyya. 'Yata Safiyya. Ba na so ki tafi.